Yadda ake haɗa mutum-mutumi mai gaɓoɓi daga 'yar tsana da zanen yara

'Yar tsanar wasan kwaikwayo, ko ta zare ce, ko ta sanda, ko wadda ake cusa wa hannu, an yi ta ne don wani ya riƙe ta. Da zarar mai wasa ya sake ta, sai ta zube kamar tsumma. Mutum-mutumin da ake ajiyewa a ɗakin baje koli kuwa ba shi da mai riƙo, haka zai yi wata uku a tsaye babu wanda ya taɓa shi. Aikin da za mu bayyana yana tsakanin biyun ne: a haɗa abin da zai tsaya da kansa, amma wanda ya gan shi ya ji kamar yanzu aka ajiye shi, kuma yanzu zai motsa. Masu farawa sukan ɓata kwana da kwanaki a kan fuska, alhali abin yana ga gaɓoɓi da inda nauyi ya faɗa. Ma'aunin da muka bayar a nan na mutum-mutumi ne mai tsayin santimita 60, domin shi ne girman da mutum ɗaya zai iya gamawa a kan tebur cikin mako biyu ba tare da ya nemi mai walda ba.

Wata magana tun da wuri, tunda mai karatu zai yi ta a zuci. Malamai da yawa suna bambanta abin wasan yara da gunki, suna kafa hujja da hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, amma akwai saɓani idan aka zo kan siffar mai rai da aka yi don ado. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa. Ta fuskar aiki dai, duk abin da ke ƙasa yana yiwuwa ba tare da ido ko baki ba, har ma ba kai.

Daga ina siffar za ta fito

Kada ka zauna ka ce za ka yi zane irin na yara. Hannun babba ya riga ya koyi gyara, ko ya yi ƙoƙarin karkacewa sai karkatar ta fito a tsare. Nemi zanen yaro na gaske, mai shekara 4 zuwa 7. Ƙasa da haka yawanci kai ne da ƙafafu biyu manne da shi, ba gangar jiki. Sama da shekara 8 kuma yaro ya fara kwaikwayon littafin makaranta da katun, ya fara jin kunyar kuskure. Idan ba zane, abin da yara ke ginawa da hannu ya ma fi: shanun laka masu ƙaton tozo, dokin kara, motar waya, 'yar tsanar da aka ɗaura wa ƙyalle. Ka nemi iznin yaron da na iyayensa, kuma in aikin ya kai baje koli a rubuta cewa daga zanensa aka ɗauko.

Ka zauna da zanen ka fitar da abubuwa uku da suka sa ya zama shi: misali hannu ɗaya ya ninka ɗayan tsawo, kunnuwa sun hau saman kai, yatsu bakwai ne. Rubuta su ka manna a bango, domin a tsakiyar aiki hannunka zai so ya daidaita su ba tare da ka sani ba. Sannan ka faɗaɗa zanen da gidan dara: ja layuka a kansa, kowane gida santimita 2, ka ja wasu a kan kwali kowane gida santimita 6, ka kwafe gida-gida. Zanen santimita 20 ya koma 60 ke nan. Wannan kwalin shi ne ma'auninka har ƙarshe, kowace gaɓa ka yanka ka ɗora ta a kai.

Zane ba shi da baya, ba shi da gefe, don haka kaurin kai ne za ka yanke shi. Ga kai, kashi uku cikin huɗu na faɗinsa ya isa. Ga gangar jiki, rabin faɗi. Idan ka ba su cikakken zagaye, abin zai koma kamar 'yar tsanar kanti. Inda zanen bai ba da ma'auni ba, ka tuna tsayin baligi ya kai kansa bakwai da rabi, na 'yar tsanar wasa kuwa huɗu ne ko biyar. A namu: kai 15, wuya 3, gangar jiki 17, ƙafa 25, hannu 22, faɗin kafaɗa 14.

Gindi da ƙashin jiki

Da gindi ake farawa, ko da yake shi ne abin da kowa ke bari sai ƙarshe. Sa kafinta ya yanko maka katako mai nauyi, 25 da 25, kauri santimita 4. Idan bai kai kilo 2 ba, ƙwaƙule ƙasansa ka cusa guntun ƙarfe. A huda rami na milimita 8, zurfin santimita 3, a kafa rodi mai kaurin milimita 8 da tsawon santimita 45, a riƙe shi da gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu. Goge rodin da samfefa ka shafa masa jan fentin hana tsatsa tun yanzu. Kada ramin ya zama a tsakiyar katakon don kawai tsakiya ce. Idan mutum-mutumin zai sunkuya gaba, matsar da rodin baya da santimita 3 ko 4, yadda nauyin zai sauka a tsakiya. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an gama, ɗaga gefe ɗaya na gindin da santimita 5 ka sake shi. In ya dawo ya zauna, to. In ya yi kamar zai wuce, gindin ya yi kaɗan.

Gangar jiki ita ce ke hawa kan rodin. Tukurwa ta fi komai daɗin wannan aiki, ba ta da nauyi kuma wuƙa na cinta kamar rogo. Haɗa guda uku ko huɗu masu tsawon santimita 17 da gam fari na kafinta, ka ɗaure da robar tiyub su kwana, sannan ka fere. Matsalarta ita ce cikinta ba ya riƙe kusa ko noti mai zare, don haka a kafaɗa da ƙugu a gitta guntun katako mai ƙarfi, nan ne gaɓoɓi za su maƙale. Kara ma yana yi ga hannu da ƙafa, da sharaɗin ya bushe ƙayau, a zura waya ta cikin totuwarsa, a toshe bakin da gam, in ba haka ba ƙwari za su mai da shi gari.

Wanda ya fi son waya zalla yana da magabaci babba. Alexander Calder, Ba'amurke da ya karanta injiniyanci kafin ya koma fasaha, ya haɗa ƙaramin dandalin wasan dabo a Faris tsakanin 1926 da 1931, da waya da toshiyar kwalba da ƙyalle da fata. Ya cika akwati biyar, yanzu yana gidan tarihi na Whitney a Niyok. Abin koyi a wurinsa shi ne bai rufe wayar ba, ita ce zanen kuma ita ce ƙashin. Ga girman namu, waya mai kaurin milimita 3 wadda aka yi wa ruwan hana tsatsa, kimanin mita 4, ta isa. In milimita 2 ka samu, ninka ta biyu, ɗaure baki ɗaya a ƙusa, ka murɗa ɗaya bakin da injin huji a hankali. Murɗaɗɗiyar waya ta fi ƙarfi kuma takardar da za a manna mata ta fi kama ta. Baƙar wayar da magina ke ɗaure rodi da ita tana da arha, amma jiƙaƙƙiyar takarda na taɓa ta za ta yi tsatsa, bayan wata ɗaya ka ga jan tabo ya huda fenti ya fito, kuma babu fentin da zai rufe shi har abada. In dole sai ita, naɗe ta da salatif tukuna. Jar wayar tagulla ta tsohon injin fanka tana da kyau wajen ɗauri, sai dai kada a haɗa ta da alminiyam a wuri mai laima, suna cin juna.

Gaɓoɓi

Nan ne za a daɗe. Kafin ka haɗa ko ɗaya, yanke shawarar waɗanda za su motsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar duka a sake, kamar na 'yar tsanar zare. Sakamakon shi ne abu mai reto kamar an rataye kaza, kai ya faɗo kan ƙirji, tafin ƙafa ya juya baya. Kuskure na biyu a kulle duka, sai ya zama sandararre. Abin da ke aiki shi ne a gina kowace gaɓa kamar za ta motsa, ido ya gan ta a fili, amma a kulle duka sai biyu: wuya, da kafaɗa ɗaya ko wuyan hannu ɗaya. Iskar fanka ko takun mai wucewa ya isa ya motsa waɗannan biyun.

Gaɓa iri uku ce ake bukata. Ta farko zobe cikin zobe, wato noti mai kan zobe guda biyu, a buɗe ɗaya da filaya a saƙala ɗayan a matse. Tana juyawa ko'ina, don haka ta dace da kafaɗa da ƙugu. Sophie Taeuber-Arp, mai fasaha 'yar Suwizalan, da irinta ta haɗa 'yan tsananta 17 a Zurich a 1918, guntayen katako da aka fere kamar mazurari da ganga, zobban ƙarfen duk a waje. Fiye da shekara ɗari ke nan, har yau masu sassaƙa na komawa gare su saboda wannan rashin ɓoye-ɓoyen. Huda ƙaramin rami kafin ka murɗa notin, in ba haka ba katakon zai tsage, kuma ka ɗiga gam a ramin.

Ta biyu ta fata ce, don gwiwa da gwiwar hannu, masu lanƙwasawa ta gefe ɗaya kawai. Samu jemammiyar fatar akuya wurin dukawa, ka yanka faɗin santimita 2, tsawon 6. Tsaga bakin cinya da bakin ƙwauri da zarto, zurfin santimita 2 da rabi kowanne, tsagar ta bi daga dama zuwa hagu. Shafa gam ka cusa fatar, ka bar tazarar milimita 3 zuwa 4 tsakanin katakan biyu, ka soke da ƙananan ƙusoshi biyu kowane gefe. Sannan ka fere kusurwar baya ta katakan biyu a karkace, ka bar ta gaba yadda take. Ta bayan da ka fere ita ke barin ƙafa ta naɗe, ta gaban da ka bari ita ke hana gwiwa karyewa gaba. A gwiwar hannu akasin haka ake yi, gaba ake ferewa. Tazarar in ta wuce milimita 5 gaɓar za ta riƙa murɗewa gefe, in kuma babu ita sam ba za ta lanƙwasu ba. Kada a yi amfani da robar tiyub a madadin fata. Shekara ɗaya ko biyu cikin zafi ta bushe ta tsattsage.

Ta uku igiya ce kawai da aka zura ta rami aka ƙulla, don wuyan hannu da idon sawu.

Kullewa kuma ba da gam ake yi ba. Gam a kan gaɓa yana taruwa ya yi ƙyalli, kowa ya gane an daskarar da ita. Lanƙwasa gaɓar yadda kake so, ka huda siririn rami ta bayanta ya ratsa katakan biyu, ka zura waya ta milimita 2. Ranar da kake son canza tsayuwar, zare ta kawai za ka yi. Wajen zaɓar tsayuwar, guji daidaito: kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya da santimita 1, ƙafa ɗaya ta taɓa katako ɗayar ta tashi da rabin santimita, kamar zaren sama bai gama sauke ta ba.

Wuya shi ne mai wuyar sha'ani. Ana so kai ya riƙa gyaɗawa a hankali ya dawo wurinsa. Kan fanko ne, don haka wayar wuya za ta shiga cikinsa ta ƙare da ƙugiya, a cikin kan kuma a gitta waya daga kunne zuwa kunne mai ɗan lanƙwasa a tsakiya, ta hau ƙugiyar. Inda za a gitta wayar shi ne komai. Nemo tsakiyar nauyin kan tukuna: riƙe shi tsakanin yatsu biyu ta gefen kunnuwa, kana matsawa har ka samu inda ba ya rinjaya gaba ko baya. Gitta wayar santimita 1 sama da nan. In ka kai ta can ƙoli, kan zai riƙa kaɗawa da sauri-sauri kamar ƙararrawa. In ta yi daidai da tsakiyar nauyi, zai tsaya duk inda aka tura shi. In ta sauka ƙasa da ita, zai kife. Hanci da haɓa sukan ja kai gaba, sai a manna noti ɗaya ko biyu a cikin ƙeya. Ramin wuya ya fi wayar faɗi da santimita 2 ta kowane gefe don kada ya goga. Kuma a yi wannan awon bayan an gama fenti da gashi, domin giram 20 na gashi ya isa ya ɓata lissafin.

Noti da wasa na ƙarfe, wato ɗan faifan nan mai rami da ake sa wa noti, su ne abin ƙara nauyi. Dalma ta fi su nauyi, tsofaffin masu 'yar tsana da ita suke yi, amma guba ce, kuma abin da ya yi kama da kayan wasa hannun yaro zai kai gare shi. Abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya isa dalili.

Kai

Da takarda ake yin kan, a manna ta rufi-rufi a kan yumɓu, daga baya a cire yumɓun. Gina siffar kan da yumɓu a kan ƙwallon jarida, ka bar shi ya sha iska ya yi tauri amma bai bushe ba, ka shafe shi da basilin. Kumbura komai fiye da yadda kake so, domin kowane rufin takarda yana cinye kaifin siffa. Hancin da ya yi daidai a yumɓu zai fito a daƙushe. In kan mai santsi ne ba hanci ba baki, ƙaramin duma ya wadatar, ba sai an yi yumɓu ba.

Ga haɗin manni. Gwangwanin madara ɗaya na filawa, biyar na ruwa. Dama filawar da gwangwani ɗaya na ruwan sanyi har gudaji ya mutu, tafasa sauran huɗun da ƙwayar kanumfari kamar goma, tsame kanumfarin, zuba damammiyar filawar kana juyawa minti uku, har ta yi kaurin talge. In ta huce, zuba gam fari kashi ɗaya cikin kashi uku nata. Sitacin rogo ma yana yi, har ya fi haske. Za ka ji ana cewa a sa gishiri don hana fumfuna. Kada ka sa: gishiri yana jawo laima da damina, kuma yana cin duk wayar da ke ciki. Haɗin kwana biyu yake yi, da ya fara tsami a zubar.

Takarda yagawa ake yi, ba a sa almakashi, domin yagaggen baki yana narkewa cikin na kusa da shi, yankakke kuwa yana barin layi. Jarida tana da gefen da take yaguwa a miƙe, gwada ka gani. Faɗi santimita 2 zuwa 3, tsawo 10, a wajen hanci da kunne kuma ƙanana kamar kan sarki. Tsoma, ka zare tsakanin yatsu biyu har ya rage danshi kawai. Rufi takwas ake bukata, ana musanya jarida da takarda ruwan ƙasa irin ta ambulan, don ka san inda ka rufe da inda ka tsallake, kowane rufi yana gitta na ƙasansa. Kada ka wuce rufi uku a zama ɗaya. Da hunturu awa biyar ko shida sun isa a inuwa, da damina sai kwana ɗaya ko biyu a gaban fanka. Rana tsaka tana busar da sama ta bar ciki, kan ya murɗe. Gwajin bushewa: ɗora shi a kumatunka, in ka ji sanyi da saura. Wanda ya yi gaggawa ya shafa fenti a kan danshi, bayan mako biyu zai ga baƙaƙen ɗigo suna fitowa, da wari, kuma wannan kan sai dai a sake wani.

In rufi takwas sun bushe, raba kan biyu da reza ta bayan kunnuwa, ƙwaƙule yumɓun, goge basilin, shafa gam fari a ciki ya bushe. Yanzu ne za ka sa wayar wuya don gwaji. Mayar da ɓangarorin ka ɗinke da rufi uku.

Don ƙarin tudu kamar gira ko leɓe, jiƙa kiret ɗin ƙwai na takarda ya kwana, kirɓa shi a turmi, matse ruwan a tsumma. Kofi biyu na wannan, kofi ɗaya na gam fari, kofi ɗaya na garin alli. Kada kaurin ya wuce santimita 1 a lokaci guda, yana ƙanƙancewa in ya bushe, mai kauri kuwa tsagewa yake yi. In da garin POP ka haɗa maimakon alli, cikin minti 15 zai ƙame, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan, kuma ragowar kada ta bi magudanar ruwa.

Farin shafe na ƙasa: gam ɗaya, ruwa ɗaya, garin alli ko farar ƙasa biyu. Shafi uku marasa kauri, a goge da samfefa mai lamba 120, sannan 220. Amma ka san inda za ka tsaya. Kan da aka goge ya yi sumul ya rabu da yaron da ya zana shi. Bar gurbin yatsa, bar rubutun jarida ya ɗan leƙo a ƙeya. Launi uku sun isa, kuma su zama waɗanda yaron ya zaɓa, ko da fuskar koriya ce. Fentin ruwa na roba ya fi dacewa. A ƙarshe a shafa banish marar ƙyalli. Mai ƙyalli yana mai da aikin kamar roba, na mai kuma yana komawa rawaya.

In za a yi ido, a baligi yana daidai rabin tsayin kai. Saukar da shi ƙasa da haka da santimita 1 ko 2, goshi ya yi faɗi, nan take fuskar ta zama ta yaro. Kada a zana murmushi ko kuka. Bakin da bai ce komai ba shi ne ke barin gyaɗawar kai ta yi magana, kamar fuskokin katako na wasan Noh a Japan, waɗanda in an ɗaga su sama suke kama da fara'a, in an sunkuyar su yi kama da baƙin ciki. In kuma ba za a yi fuska ba, Yinka Shonibare, ɗan asalin Najeriya mazaunin Ingila, ya yi suna da mutum-mutumi marasa kai sanye da atamfa, tsayuwa da tufa suka ɗauki dukan maganar.

Tufa, tarkace da zare

Sabon yadi yana da sitaci, a ƙaramin jiki sai ya tsaya ƙiƙam kamar kwali. Tsohuwar riga da ta sha wanki ta fi zubowa. Kula da girman zanen yadi: furen atamfa mai faɗin tafin hannu zai haɗiye jikin santimita 17. Akoko, ko saƙi mai ƙananan layuka, ko tsohuwar shadda sun fi. In farin ya yi yawa, tsoma shi a ruwan shayi mai kauri minti goma. Ɗinka ƙananan wasa uku ko huɗu a cikin kalmasar ƙasa don rigar ta sauka da nauyi. Kada tufa ta rufe gaɓoɓin da ka sha wahala a kansu, yanke hannun riga sama da gwiwar hannu.

Tarkacen gida suna da nasu matsayi a wannan fasaha. Mai zane Paul Klee ya yi wa ɗansa Felix 'yan tsana na hannu kusan 50 tsakanin 1916 da 1925, da ƙashin naman shanu da soket ɗin lantarki da gashin burushi da guntayen ƙyalle, 30 daga ciki suka rage, suna Bern a Suwizalan. A 1951 mai zane Pablo Picasso ya ɗauki motocin wasa biyu na ɗansa Claude ya kifa ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, suka zama kan gwaggon biri, gilashin gaban motar ya zama wurin idanu. Ka'idar da ke cikin waɗannan ita ce tarkacen ya yi aikin wata gaɓa, kuma a ci gaba da gane ko mene ne. Ludayi ya zama kai, murfin kwalba ya zama ido, tsohon makulli ya zama hanci. Abin da aka liƙa don ado kawai, cire shi. Biyu ko uku sun isa a jiki ɗaya. Ƙashi a dafa shi a kankare kitsen ya bushe mako guda, in ba haka ba mai zai riƙa tsattsafowa ya ɓata fenti. Gwangwani a naɗe bakinsa da filaya.

Batun zare ra'ayi ne, ga namu. Masu Kwagh-hir na Tibi a jihar Binuwai, wasan da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2019, da masu Sogo bo na Bambara a yankin Segu na Mali, suna ɓoye mai motsa 'yar tsanar a cikin akwati ko ƙarƙashin rufin yadi da ciyawa, domin a dandali ɓoyewar ce ke ba da mamaki. A ɗakin baje koli ba mai wasan da za a ɓoye, saboda haka zaren da sandar su ne ke gaya wa mai kallo cewa akwai hannun da ya tafi. In za ka sa, yi amfani da baƙin zaren masu gyaran takalmi mai kakin zuma, uku zuwa biyar, daga kai da kafaɗu da wuyan hannu zuwa wata sanda da ke sama. Aƙalla ɗaya ya ɗauki nauyi na gaske, misali shi ke riƙe da hannun da aka ɗaga. Zaren da duk suka yi sako-sako ƙarya ce da ido ke ganewa daga bakin ƙofa. Zaren kamun kifi na roba yana miƙewa da zafi, bayan wata biyu hannun da ka ɗaga ya sauko.

Wanda wannan ya yi masa kyau zai so ya yi ƙato. Ka riƙe lissafi ɗaya: in ka ninka tsayi biyu da kayan aiki iri ɗaya, nauyi zai ninka takwas, ƙarfin gaɓa kuwa huɗu kawai. Fatar da ta riƙe ƙafar santimita 25 ba za ta riƙe ta rabin mita ba. Shi ya sa kamfanin Handspring na Cape Town, da ya gina ƙatuwar 'yar tsanar nan Little Amal mai tsayin mita 3 da rabi, wadda aka yi tattaki da ita daga Gaziantep a Turkiyya zuwa Manchester a 2021, ya yi jikinta da sandunan kwando da wasu kaya marasa nauyi, cikinta fanko. Daga mita ɗaya zuwa sama, bar tukurwa cikakkiya ka koma saƙar gora ko wayar keji, gaɓoɓi kuma su zama na noti da ƙarfe.

Wajen ajiyewa, ɗora shi yadda idonsa zai yi ƙasa da na mai kallo kaɗan, teburi mai tsayin santimita 80 zuwa 90 ya yi. Fitila ɗaya daga gefe, sama kaɗan, ta fi uku daga ko'ina, domin inuwar gaɓoɓi da zare a bango rabin aikin ce. Nesa da taga, rana tana cin launin yadi cikin 'yan watanni. Filawar da ke cikin takardar abinci ce ga kyankyaso da ɓera, katakon kuma na gara, don haka duk wata kafa ta takarda a rufe ta da shafen gam har cikin ramin wuya, a sa wa gindin ƙafafun roba huɗu don kada ya zauna a kan siminti, a jefa ƙwayar kafur biyu a akwatin ajiya. Leda ba wurin ajiya ba ce da damina, tana tara gumi, a naɗe da tsohon zanen gado a sa a kwali. In za a yi tafiya da shi a mota, zare kan daga ƙugiyarsa a naɗe shi daban, a ɗaure sakakken hannun a jikin gangar da tsumma, sannan a ɗaure gindin a ƙasan kwalin ta ramuka biyu, don kada nauyin katakon ya faɗa kan ƙafafu a gargadar hanya.